Shagon da ake bincike da AI a Samaru, na je na gwada a kan maganar ajiyar wake

Jama'a assalamu alaikum. Tun watan jiya nake son in rubuta wannan abu saboda 'yan uwana 'yan kasuwar hatsi, musamman mu na Sabon Gari da masu zuwa cin kasuwar Giwa ranar Alhamis, sai yau Allah Ya nufa. Akwai wani shago a Samaru, Zariya, cikin jerin shagunan fotokwafi da ke kallon jami'ar Ahmadu Bello (ABU), yaron da ke riƙe da wurin ya ƙara wani aiki bayan firintin da bayindin, wato ka zo da matsalarka ya zauna da kai ya tsara ta sannan ya sa AI, wannan da 'yan jarida ke ce wa ƙirƙirarriyar basira, ta shiga intanet ta yi bincike mai zurfi ta haɗo rahoto. Naira 4,000 na biya, kuma zan faɗi abin da ya min daɗi da wanda bai min ba tsakani da Allah.

Abin da ya kai ni shi ne wake. Bara na ajiye buhu 60 a sito, na sa magani irin yadda muka saba, da bazara wani kwastoma na da ke lodi zuwa kudu ya zo ya zura hannu cikin buhu ya ɗebo ya shinshina kawai sai ya ce Alhaji wannan ba zan iya ɗauka ba, mutanena sun daina karɓar mai wari. Wallahi ranar ban yi barci ba, kuma ba asarar kuɗin kaɗai ba ce ta dame ni, tunanin da na yi shi ne wannan waken fa da shi ake yi wa yarana alale da ƙosai a gida. To na daɗe ina jin labarin buhun nan mai leda biyu a ciki wanda ba a sa masa magani, wasu su ce yana yi wasu su ce ƙarya ne sun gwada ƙwari sun cinye, ni kuma ba zan zuba jarina a kan ji-ta-ji-ta ba.

Da farko ni na gwada da kaina a waya, 'yata da ke karatu a ABU ta saka min manhajar AI ɗin. Na rubuta layi ɗaya, nace yaya ake ajiye wake kar ya yi ƙwari. Nan take ta zubo min bayani, ka shanya ka ajiye wuri mai sanyi ka riƙa dubawa, irin maganar da ko yaron shagona ya sani. Na ajiye wayar nace ashe abin da ake ta zuzutawa kenan. Ita 'yar tawa ce tace Baba ba haka ake yi ba, tambayarka ce ta yi gajarta, ka je wurin wane a Samaru.

Na je ranar Talata wajen ƙarfe 11. Abin da ya fara burge ni, yaron nan bai taɓa kwamfuta ba sai da muka yi kusan minti 25 muna magana. Ya ɗauko farar takarda ya ninke ta biyu, gefe ɗaya ya rubuta abin da na riga na sani, ɗaya gefen abin da nake son sani, ya riƙa jefo min tambayoyi ɗaya bayan ɗaya. Baba wane irin wake ne, fari ko ja? Buhu nawa, wata nawa za ka ajiye? Siton ƙasa ne ko siminti, akwai ɓera? Waken daga gona kake saye kai tsaye ko ya riga ya kwana biyu a hannun wasu? Sai ya yi min wata tambaya da har yanzu nake tunawa, yace Baba in rahoton nan ya fito wace shawara za ka yanke da shi, don in ban san wannan ba injin zai kwaso mana duniya ne gaba ɗaya. Nace shawara ɗaya ce ɗana, in sayi buhunan nan guda 60 ko kar in saya. Ya ja layi ƙarƙashin wannan da biro sau biyu.

Daga nan ya buga umarnin da Turanci, ya kai kusan shafi guda, yana bugawa yana fassara min. Ya gaya wa na'urar wanene ni, ɗan kasuwa a Zariya ba manomin Amurka ba, ya ce ta fifita binciken jami'o'i da cibiyoyin aikin gona a kan shafukan masu talla, duk maganar da ta faɗa ta sa madogara da shekarar da aka rubuta, inda masana suka saɓa ta faɗi saɓanin kar ta zaɓar mana ɗaya, inda ba ta samu komai ba ta ce ba ta samu ba. Ni ban san ana yi wa na'ura irin wannan kashedin ba sai ranar. Kafin ta fara sai ta fito da tsarin yadda za ta bi, mataki-mataki, shi kuma ya karanta ya goge wani mataki da ta sa na manyan rumbunan ƙarfe irin na gwamnati yace wannan ba namu ba ne, ya ƙara mata cewa ta nemo abin da aka gwada a arewacin Najeriya da Nijar, sannan ta duba dalilin da ke sa buhun ya ƙi aiki a hannun wasu. Wannan na ƙarshen daga bakina ya ɗauka.

Ta ɗauki kamar minti 15 tana aiki, kana gani a allo tana buɗe shafi tana rufewa tana sake nema da wasu kalmomin. Ana cikin haka aka ɗauke wuta, laftof ɗin bai mutu ba amma fanka ta tsaya, shagon kuma ƙarami ne ga ɗalibai cike suna jiran firintin, zufa kam na sha ta kafin ya tada janareta.

Rahoton ya fito shafi 7. Kuma gaskiya na ƙaru, na ƙaru sosai. Na san yanzu buhun sunansa PICS, Jami'ar Purdue ta Amurka ce ta ƙirƙiro shi, tun 2007 aka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya kuma saboda wake aka fara kafin a kai ga masara da sauran hatsi. Leda biyu ne masu kauri a ciki sai buhun saƙa a waje, kowanne ana murɗe bakinsa a ɗaure shi daban, ba a haɗa su a ɗaure tare. Ƙwaron wake tun daga gona yake biyo shi, yana yin ƙwai a jikin waken tsutsar ta huda ta shige cikin ƙwayar tana ci daga ciki, cikin sati 3 zuwa 4 wani sabon ya fito ya sake yin ƙwai, shi ya sa za ka ga wake tas a kaka amma kafin wata uku ya zama gari. In aka toshe iska, su ƙwarin da kansu ne ke shaƙe 'yar iskar da ta rage, sai su daina ci su daina haihuwa, har ma masu binciken sun gano ƙishirwa na cikin abin da ke kashe su domin da iskar nan ce jikinsu ke samar da ruwa daga abincin da suka ci. Kaga kenan duk wanda yace ya gwada bai yi ba, ko dai ledar ta huje, ko ɓera ya taɓa, ko yana buɗewa kullum yana ɗiba, ko kuma ya zuba wake bai gama bushewa ba ya yi fumfuna. Har gwajin gishiri ta kawo, ka zuba busasshen gishiri da hatsin cikin busasshiyar kwalba ka girgiza, in gishirin ya manne a jikin kwalbar to da sauran danshi a koma shanya.

Wani abu da ta warware min, ni a zatona sabon irin waken nan SAMPEA 20-T da cibiyar binciken aikin gona ta IAR ta nan Samaru ta fitar a ƙarshen 2019 ƙwari ba sa cin sa ko a sito, har ina shirin in riƙa nemansa musamman. Ashe tsutsar da ke huda fure da kwanso a gona aka yi shi dominta, ƙwaron ajiya kuwa zai ci shi kamar kowane wake. Wannan kaɗai ya fanshe kuɗina. Sannan ta kawo maganar da ta sa jikina ya yi sanyi, a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda maganin ƙwari dichlorvos, irin wanda ke cikin ota-fiya-fiya, iyakar da suka yarda da ita miligiram 0.01 ne a kilo amma an samu wanda ya kai 4.6. Abin da Turawa suka ƙi saboda lafiyarsu shi muke ci mu da iyalanmu, Allah Ya yafe mana.

To amma fa ga inda nake son ku natsu. Da rahoton ya fito ni har na miƙa hannu zan karɓa, yaron yace a'a Baba saura rabin aiki. Ya fara danna linki ɗaya bayan ɗaya, guda 20 da wani abu, yana buɗewa yana neman ainihin layin da aka ce an ɗauko. Ɗaya ya ƙi buɗewa sam, ya soke maganar da ke jingine da shi. Wani kuma, rahoton ya kawo adadin asarar da ake yi in ba a yi amfani da buhun ba kamar a kan wake ake magana, da ya buɗe takardar sai ga shi binciken masara ne aka yi a gabashin Afirka, ba wake ba kuma ba ƙasarmu ba. Ya sa jan biro ya zagaye wurin ya rubuta masara ce. Da ni kaɗai ne wallahi da na haɗiye shi haka nan, don an rubuta shi cikin tsari da ƙarfin gwiwa babu alamar shakka ko kaɗan. Yace haka take, in ta yi kuskure ba ta in-ina, da muryar da take faɗin gaskiya da ita take faɗin kuskuren, har ya ba ni labarin lauyoyin New York da kotu ta ci tarar dala 5,000 a 2023 saboda sun miƙa wa alƙali shari'o'in da ChatGPT, wata manhajar AI, ta ƙirƙiro waɗanda ba a taɓa yi ba, su ma ba su buɗe sun duba ba ne.

Maganar farashi kuwa kar ma ku ɓata lokaci. Kuɗin buhun da ta kawo na shekarun baya ne tun kafin a cire tallafin mai a 2023, farashin tiyar wake a Giwa ko Sabon Gari kuma babu shi a intanet ta yadda za ka dogara da shi, wannan sai ka taka da ƙafarka ko ka kira dillalinka. Shi ma yaron bai ɓoye min ba, ya ce abin da ba a rubuta an ɗora ba ba za ta gan shi ba komai wayonta, kuma yawancin sanin da ke kan mutanenmu ba a rubuta shi ba.

Abin da bai min daɗi ba, na farko Hausar. Na roƙa a juya min rahoton zuwa Hausa don in karanta wa abokan sana'a, abin da ya fito wata irin Hausa ce mai tauri, kalmomin namu ne amma ginin na Turanci, wani wurin sai ka karanta sau uku, ledar ciki ma wani suna daban ta ba ta da ba mai gane shi a kasuwa. Sai da ya zauna ya gyara da hannu, kuma ya nemi in ƙara 1,000 a kan haka, na bayar amma da ya gaya min tun farko da ya fi. Na biyu jira, shi kaɗai ne ya iya aikin, yana cikin duba min madogara ana kiransa ya zo firinta ta cije takarda, abin da zai ɗauki awa ɗaya da rabi sai da ya kai ni bayan azahar. Na uku kuma wanda ya fi ci min rai, ina zaune wani ɗalibi ya shigo yace a haɗa masa babi na biyu na furojet ɗinsa gaba ɗaya zai dawo da yamma, kuma aka karɓi aikin. Na yi wa yaron magana bayan ya fita, nace ɗana kai da ka tsaya ka tantance min kowane layi saboda buhun wake, ya za ka bar wanda gobe zai zama malamin 'ya'yanmu ya karɓi abin da bai karanta ba, ga laburaren jami'a na Kashim Ibrahim can tsallaken titi. Ya sunkuyar da kai yace Baba kasuwa ce, in bai yi ba na kusa da shi zai yi. Ban gamsu ba kuma har yanzu ban gamsu ba, ina fata in ya ga wannan rubutun ya sake tunani don yaro ne mai hankali da ladabi.

Duk da haka zan koma, kuma na tura mutum biyu. Wanda zai je ya je da sassafe kafin ɗalibai su fito daga lacca, ya tafi da tambayarsa a rubuce da shawarar da yake son yankewa, kuma kar ya yarda ya karɓi takarda sai an buɗe madogaran a gabansa ko da zai ƙara kuɗi. In maganar noma ce, bayan ka karɓa ka ɗan ƙarasa wurin malaman gona na NAERLS, cibiyar wayar da kan manoma ta ABU, tunda suna nan kusa ka nuna musu, ni wani ɗan uwan matata da ya yi aikin gona shekaru na kai wa ya karanta yace bayanin ɗaurin daidai ne, ya ƙara min da cewa in ɗora buhunan kan katako kar su taɓa bango kuma in share siton tas saboda ɓera.

Ban sayi 60 ba, 20 na fara saya na cika su a Disamba, sauran waken na sayar da wuri ban ajiye ba. Shekaranjiya na kwance guda ɗaya, na zura hannu har gwiwar hannu na ɗebo daga tsakiya, wake fari tas sai 'yan matattun ƙwari a bakin ledar, na aika da tiya biyu gida aka yi mana alale da shi. Sati mai zuwa in Allah Ya kai mu zan raka ƙanina na Hunƙuyi wurin yaron, shi kuma albasa ce ke ruɓe masa duk shekara, na ce masa tun yanzu ya fara rubuta buhu nawa ne da irin ɗakin da yake zubawa.