Ƙarin filta a babban tankin kifi idan wuri ya yi ƙaranci: me ya dace da Kaduna?

Tankin kifin ado mai tsawon santimita 150, faɗi 50, zurfi 60, yana cin ruwa lita 450. Filtar da irin wannan tanki ke zuwa da ita takan wadatar muddin kifayen ƙanana ne. Da sun yi ƙiba, ci ya ƙaru, kashi ya ƙaru, sai ruwa ya fara dishi-dishi, da asuba ka tarar da su a sama suna haki. Ga tankin an manna shi da bango, kabad ɗin ƙasa kuma cike da tarkace. To ina za a sa ƙari?

Datti da ido ke gani ba shi ke kashe kifi ba. Amoniya ce, wadda ke fita daga jikinsu da ruɓaɓɓen abinci. Wasu ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a cikin filta su ke mayar da ita naitirait, wasu kuma su mayar da naitirait ɗin ya zama naitiret, mai sauƙin illa, wanda canjin ruwa ke ragewa. Ƙwayoyin nan ba sa aiki sai da iskar oksijin. Don haka a garin da wuta ke ɗaukewa ba sallama, tambayata ta farko ga kowace filta ita ce: me ke faruwa a cikinta idan ta tsaya awa shida?

Samp, wato ƙaramin tanki na biyu a ƙasa, ka manta da shi: galibi yana son huda gilashi, yana kuma son filin da ba ka da shi, kuma idan an yi kuskuren lissafi falonka ne zai sha ruwa ranar da aka ɗauke wuta. Filta mai rataya a bayan tanki tana buƙatar tazara tsakanin tanki da bango, da yawansu kuma ba sa jan ruwa da kansu idan wuta ta dawo, sai injin ya yi ta gurnani a bushe. Filta ta cikin ruwa mai inji ba laifi wajen kwashe datti, amma sosonta ɗan mitsitsi ne, kuma zafin injin cikin ruwan yake tafiya, abin da ba ka so a watan Maris da Afrilu.

Kanista ce kowa ke sha'awa, kuma ba a banza ba. Tulu ce rufaffiya da ke zama a kabad, tiyo biyu kawai ake gani. Eheim Classic 600, wadda aka fi sani da 2217, tana tura lita 1000 a awa da wat 20 kacal, kuma tana daɗewa. Sunsun HW-304B ta China ta fi araha nesa, lita 2000 aka rubuta mata. Idan kana da inbata ko sola da ba ta yankewa, kabad ɗinka kuma zai ɗauke ta, saya. In ba haka ba, rufin nan nata shi ne matsalar. Da ta tsaya, oksijin ɗin ciki yakan ƙare cikin 'yan awanni, ƙwayoyin su fara mutuwa, idan abin ya daɗe ruwan ciki ya koma warin ruɓaɓɓen ƙwai. Wuta ta dawo ƙarfe uku na dare kana barci, ta juye wannan ruwan kan kifayenka.

Ni dai filtar soso nake bai wa kowa shawara, manya guda biyu, ɗaya a kowace kusurwar baya, da famfon iska mai batir a ciki, irin wanda ke komawa kan batir da kansa idan wuta ta tafi. Aikinta mai sauƙi ne: kumfa na hawa ta cikin bututu, yana jan ruwa ta cikin soson. Babu farfela da za ta karye, babu robar murfi da za ta yi yoyo, ba ta cin ko taƙi ɗaya na falonka, famfon kuwa bai fi sabulun wanka biyu girma ba, wat uku zuwa biyar yake ci. Soson yana tsakiyar ruwan tanki ne, ba a kulle a tulu ba, don haka ko batirin ya mutu ƙwayoyin sun fi jurewa. Kumfan kuma yana motsa saman ruwa, ya ƙara oksijin a lokacin zafi, lokacin da ruwa ke riƙe iska kaɗan, amoniya kuma ta fi dafi. Ka zaɓi soso mai manyan ƙofofi, don mai laushi saurin toshewa yake, musamman da hunturu idan ƙura na sauka a tankin da ba murfi. Ka tabbata famfon na da ƙarfin tura iska zurfin santimita 60, ƙananan ba sa iyawa. Ka ɗora shi sama da matakin ruwa, ko ka sa ɗan bawul mai hana komowa a tiyon, in ba haka ba ruwa zai biyo tiyo ya gangaro cikin famfon da zarar ya tsaya.

Eh, ba ta da kyaun gani, kuma ba ta sa ruwa ya yi garau kamar kanista. Dutse ko itace zai ɓoye ta, tsohuwar filtarka kuma ta ci gaba da kwashe ƙananan datti. Kada ka cire ta. Sabon soso kan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin ƙwayoyi su zauna. Matse tsohon soso a kansa yana rage jiran. Wanki kuma a bokitin ruwan tanki ake yi, ba a bakin famfo ba, domin kulorin na kashe su.

Sai batun jabu, wanda ya fi duk wannan ci mini rai. Yawancin kayan nan daga Legas ake sa wa mutum a mota, sai kwali ya iso hannunka za ka san abin da ka saya. Wani mai talla a intanet ya taɓa turo mini kanista da sunan babban kamfani a kwali, harafi ɗaya a sunan ba daidai ba, robar murfin ta tsattsage, kwandunan ciki wayam. Da na kira, layin ya daina shiga. Yawan lita a awa da ake rubutawa a kwali ma ko a kayan gaskiya ba shi za ka samu ba, domin ana auna shi ne filta ba komai a ciki, ba ta tura ruwa sama. Da an cika ta, sau da yawa kusan rabi ne. Ka gwada da jarka: lita 2000 a awa na nufin jarka mai lita 20 ta cika a daƙiƙa 36. A famfon iska, wayon da ake yi a batir ne. Ka ɗaga shi. Idan ya yi shafal, akwai magana. Ka cika masa caji, ka zare filogi, ka ga awa nawa zai kai kafin ka biya ragowar kuɗi. Soso ma ana yanko katifar kujera a rina ta baƙi, wadda ba ta barin ruwa ya wuce, wata ma an sa mata sinadari. Ka hura iska ta cikinsa da baki, na gaske ba ya tarewa. Gawayin filta kuwa, wasu na girki suke dakawa su ƙulla a leda. Na gasken ma 'yan makonni yake aiki, tankin da ke lafiya bai damu da shi ba.

Kayan gwanjo a duba ƙasan injin kafin a tambayi kuɗi. Wanda aka yi don Amurka bolt 120 ne, namu 230, da ka soka shi a bango hayaƙi za ka gani. Kuma a tambayi mai kaya ko ana samun farfelar wannan samfurin a Najeriya, don in ta karye ba a samu ba, kanistar ta zama bokiti mai murfi.