Yankees bayan tafiyar Soto: sharhin wanda ya biya kuɗin tikiti

A hunturun da ke gaban kakar 2025 nake wannan rubutu. Na sabunta tikitina na kallon kulob ɗin besbol na New York Yankees na kakar, amma da zuciya biyu na yi. Mu mazauna Bronx filin nan a ƙofar gidanmu yake, jirgin ƙasa mai lamba 4 ko D zai sauke ka a titi na 161, ka taka kaɗan ka shiga. 'Yan uwanmu na zango da suka zo daga Ankara da Kumasi ƙwallon ƙafa ce a ransu, sai dai yaran da aka haifa a nan da besbol suka tashi, kuma ta hannunsu da yawa daga cikinmu muka kamu. Ni a bencin bayan fili na ɓangaren dama nake zama, inda 'yan kallo ke kiran sunan 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya a zagayen farko har sai kowa ya ɗaga musu hannu.

Ta fuskar abin kallo, kakar 2024 ta biya ni kuɗina har da ƙari. Kulob ɗin ya ci wasa 94 cikin 162, ya kai World Series, wato karawar ƙarshe ta cin kofi, karo na farko tun 2009. Aaron Judge ya buga ƙwallo ta tsallake katanga sau 58, aka ba shi gwarzon American League, rukunin da Yankees ke ciki, ba tare da ƙuri'a ko ɗaya ta kuɓuce masa ba. Juan Soto, wanda ke bugu kafin shi, ya tsallakar da 41. Ban taɓa ganin mutum mai haƙuri da sanda a hannu irin Soto ba. Ba ya kai wa jifan banza hari, sai ya wahalar da mai jifa, ya gajiyar da shi, sannan Judge ya fito ya tarar da mutum yana jira a tashar farko. Bugun da Soto ya yi a Cleveland a zagaye na goma, wanda ya kai mu wasan ƙarshe, har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

To Soto ya tafi. A watan Disamba na 2024 ya sa hannu da Mets, maƙwabtanmu na Queens, shekara 15 a kan dala miliyan 765. Abin ya yi mini zafi ƙwarai, kuma ban ga laifin mai kulob ɗin, Hal Steinbrenner, ba a nan, domin tayin da aka ce ya yi, miliyan 760 a shekara 16, ba tayin marowaci ba ne. Amma ina so masu kuka su tuna cewa da Soto a fili Dodgers na Los Angeles suka doke mu wasa 4 da 1 a World Series. Abin da ya kashe mu rashin iya kama ƙwallo ne da sakaci a ƙananan abubuwa, kuma wannan ciwon tun watan Mayu muke ganinsa daga benci.

Ku duba zagaye na biyar a wasa na biyar, ranar 30 ga Oktoba, 2024. Muna gaba da ci 5 da nema, mai jifanmu Gerrit Cole yana jifa kamar ba za a taɓa shi ba. Tommy Edman na Dodgers ya ɗaga ƙwallo mai sauƙi tsakiyar fili, ta faɗi daga safar Judge, kuskurensa na farko a duk shekarar. Ɗan wasanmu Anthony Volpe ya jefa ƙwallo tasha ta uku ta daki ƙasa. Cole ya yi ta maza ya fitar da Gavin Lux da Shohei Ohtani a jere, saura mutum ɗaya mu tsira, sai Mookie Betts na Dodgers ya gangaro da ƙwallo wajen Anthony Rizzo, mai tsaron tasharmu ta farko, ya bar tashar ya tare ta, Cole kuwa bai ruga ya tsare tashar farko ba. Kafin a fita zagayen Dodgers sun farke duka biyar, aka tashi 7 da 6, suka ɗaga kofi a filinmu. Babu ɗaya cikin kurakuran nan uku da kuɗi ke gyarawa. Horo ne da natsuwa. Shi ya sa duk wanda Brian Cashman, manajan da ke ɗauko wa kulob 'yan wasa, ya kawo a wannan hunturu, tambayar farko da nake yi ita ce ko ya iya tsaron fili.

A nan zan yaba masa. Max Fried ya zo daga Atlanta, shekara 8, dala miliyan 218. Mai jifa ne da hagu, wanda ya rufe wa Braves na Atlanta World Series ta 2021 a wasa na shida, kuma sau uku yana cin kyautar safar zinare, ta gwanin tsaron fili, wato mutum ne da ya san aikinsa bai ƙare da sakin ƙwallo ba. Shekara takwas ta yi yawa ga wanda ya haura talatin, amma shekarun farko za mu more. Da shi da Cole da Carlos Rodón da Clarke Schmidt da Luis Gil, wanda ya zama gwarzon sababbin 'yan wasa a 2024, jerin masu fara jifa ya cika. Fatana Gil ya rage barin masu bugu suna wucewa tashar farko kyauta, don a 2024 babu wanda ya kai shi yawan hakan.

Cody Bellinger daga Cubs shi ne sayen da ya fi kwanta mini. Yana tsaron tsakiyar fili, yana tsaron tashar farko, kuma zuwansa zai mayar da Judge ɓangaren dama, inda nan ne gidansa na asali. Dama don a ba Soto wuri ne aka matsar da shi tsakiya, ga shi zai cika shekara 33 a watan Afrilun 2025. Bellinger da hagu yake bugu, katangarmu ta dama kuwa ƙafa 314 ce kacal a kusurwa, don haka ina sa ran zai wuce 18 ɗin da ya tsallakar a 2024. Kada dai kowa ya jira Bellinger na 2019, lokacin da yake kan ganiyarsa. Mahaifinsa Clay ya taɓa sa wannan riga, ya ci kofi da ita.

Devin Williams, mai rufe wasa daga Milwaukee, ya zo ne bayan mun ba da Nestor Cortes da Caleb Durbin a musaya. Bayan Clay Holmes ya zubar da wasanni 13 da aka damƙa masa a 2024, dole a nemo wani. Williams yana da jifa mai lanƙwasa da ba kowa ke iya taɓawa ba, sai dai ciwon baya ya zaunar da shi rabin kakar 2024, kuma da ya zo shekara ɗaya ta rage a kwantiraginsa. Ni da Luke Weaver aka bar wa aikin ma ba zan yi ƙorafi ba, yaron ya riƙe amana a Satumba da Oktoba. Paul Goldschmidt kuwa, mai tsaron tashar farko, an ɗauke shi yana da shekara 37, shekara ɗaya a kan dala miliyan 12.5. Bugunsa ya ja baya, amma safarsa za ta ceci jifan Volpe da yawa.

Inda hankalina bai kwanta ba shi ne cikin fili. Gleyber Torres ya koma Detroit. Kurakuransa sun ishe ni, amma a ƙarshen kaka shi ke fara bugu kuma yana isa tasha a kai a kai. Yanzu an rasa shi an rasa Soto, wato mutum biyun da ke shiga gaban Judge. Wa zai maye su? In aka mayar da Jazz Chisholm tasha ta biyu, inda ya fi sabawa, tasha ta uku ta koma hannun DJ LeMahieu, wanda jiki ya fara ƙi masa, ko Oswaldo Cabrera, yaro mai ƙwazo da ya fi amfani a matsayin mai cike gurbi. Kulob mai neman kofi na 28 bai kamata ya shiga atisayen Tampa a watan Fabrairu da wannan rami a buɗe ba. Ga Jasson Domínguez a hagu, wanda muka ga ƙwallo tana ruɗa shi a sama a watan Satumba har aka koma wa Alex Verdugo. Ina son yaron, ina so a ba shi kaka cikakkiya, amma a san cewa caca ce. Giancarlo Stanton ya tsallakar da 7 a wasannin Oktoba, ya zama gwarzon karawar Cleveland, sai dai ƙafafunsa ba sa barin a dogara da shi wata shida.

Sauran nauyin yana wuyan koci Aaron Boone. Tun 2018 yake riƙe da kulob ɗin, 'yan wasa suna ƙaunarsa, yana kare su a gaban 'yan jarida ko da sun yi abin da bai dace ba. Wannan kariyar ce nake ganin ta yi yawa. In mutum ya ƙi gudu zuwa tashar farko, ko aka kama shi yana gyangyaɗi tsakanin tashoshi, ina so in ga ya kwana a benci washegari, ko wane ne shi. An kawo masa Fried da Bellinger da Goldschmidt, dukansu masu safar zinare, ba shi da sauran uzuri. Za a buɗe kaka ranar 27 ga Maris, 2025, da Milwaukee a gida, kuma kafin ranar ina jiran in ji sunan wanda Cashman zai tsayar a tasha ta uku.