SSD, had-disk ko filash, wanne ya kamata mutum ya saya a wannan tsadar?

Tun farko in faɗa muku inda na karkata don kar wani ya ce na ɓoye, ni ɗan SSD ne (ma'ajin bayanan kwamfuta na zamani da ke maye gurbin had-disk), kuma ban zama haka ba sai da na sha wuya. Aikina ɗaukar bidiyon biki da haɗa shi, wato kullum ina fama da fayil masu nauyi, biki ɗaya daga kamu zuwa dina sai ya cinye giga ɗari biyu ban ankara ba.

Kafin maganar zaɓi, ku san me ya sa farashi ke ta hawa, don ba dala kaɗai ba ce. Kamfanonin da ke ƙera ainihin ƙwayar ajiyar da ke cikin SSD da filash da memori, wadda ake kira NAND, ba su da yawa a duniya: Samsung da SK hynix na Koriya ta Kudu, Kioxia ta Japan, Micron da SanDisk na Amurka, sai YMTC ta Sin. Duk wani suna da ka gani a jikin kwali, a wajen waɗannan yake sarowa. A 2023 kaya ya yi musu yawa farashi ya faɗi warwas har Samsung ta rage ƙerawa, wanda ya saya a lokacin wallahi ya more. Sai ga wannan guguwa ta AI, manyan cibiyoyin ajiyar bayanai suka shiga kwashe kaya suna biya da tsoka, kamfanonin kuma suka juya wajen HBM, wani memori mai tsananin gudu da ake haɗawa da kayan AI na kamfanin Nvidia, tunda can riba take, daga ƙarshen 2025 RAM da SSD suka tashi. A Disambar 2025 ma Micron ta sanar za ta daina sayar da Crucial, wato SSD da RAM ɗinta na kasuwa, ga irinmu ƙananan masu saye. Toh idan kaya ya yi tsada kun san su wa ke fitowa, 'yan jabu.

SSD iri biyu za ka tarar a shago. Akwai SATA mai faɗin inci 2.5 wanda ke shiga gurbin had-disk ɗin tsohuwar laftop, gudunsa na tsayawa wajen mega 550 a daƙiƙa, akwai kuma NVMe ɗan siriri kamar cingam mai tsayi, na Gen3 yana kai 3,500, na Gen4 wajen 7,000. Kar lambar ta ruɗe ka, in dai Word da intanet da kallo ne aikinka ba za ka ji wani bambanci tsakaninsu ba, babban tsallen shi ne daga had-disk zuwa kowane SSD, tsohuwar HP ɗin da kake kunnawa ka je ka yi alwala ka dawo ba ta gama buɗewa ba sai ka ga ta farka kamar an yi mata allura. Amma dan Allah a buɗe bayan kwamfutar a duba ramin tukuna, don ramin da ɗan siririn ke shiga, wanda ake kira M.2, akwai wanda SATA kawai yake karɓa, ka kawo NVMe ya ƙi.

Abin da ya fi burge ni ba ma gudun ba ne, babu abin da ke juyawa a cikinsa. Ina jefa shi a jaka in hau adaidaita a bi ta duk ramukan hanya, ba ruwansa. Abu biyu nake dubawa a kwali, TLC ne ko QLC, wato irin ƙwayar ajiyar da ke ciki, sai kuma TBW wato yawan rubutun da aka ba shi garanti a kai. Samsung 870 EVO mai tera ɗaya TLC ne, TBW 600 da garantin shekara 5, ƙaninsa 870 QVO kuwa QLC ne TBW 360, kuma in ka zuba masa babban fayil sai ya fara da gudu can tsakiya ya koma tafiyar hawainiya. Mai aikin bidiyo ya nemi TLC kawai. Aibin SSD ɗaya da zan amsa, in ya mutu ba ya sallama, kuma ba a son a jefa shi a durowa shekara da shekaru babu wuta musamman a zafin nan namu.

Had-disk fa? Arha a kowace tera, Seagate da Western Digital da Toshiba kaɗai suka rage suna yi, ka saya ka ajiye a gida don kwafi na biyu, kar ka yawo da shi, faɗuwa ɗaya daga tebur ka ji yana ƙas-ƙas shikenan. Filash kuma na kai fayil wajen mai firinta ne, ba ma'aji ba ne.

Yanzu ga inda nake so ku nutsu. Shekarun baya na sayi wani abu a wani shago, ba zan kama suna ba, an rubuta 2TB a jikinsa, kwali mai sheƙi, kuɗinsa bai kai rabin na gaske ba, mai shagon har da cewa Alhaji sa'a ka taka saura biyu. Na sa a kwamfuta ta nuna tera biyu cif. Na kwashe bikin wata baiwar Allah gaba ɗaya na zuba, na goge katin kyamara don washegari akwai wani aikin. Bayan kwana huɗu na zo haɗawa, sunayen fayil duk suna nan da girmansu, amma in ka danna babu abin da ke buɗewa sai na farko-farko kaɗan. Da muka fasa shi da wani abokina mai gyara, ɗan ƙaramin memori ne irin na waya an manna shi da gam a kan wani ɗan allo, da guntun ƙarfe a gefe don ya yi nauyi a hannu. Ranar da na je gaban Hajiya uwar amarya in yi bayani ba na son tunawa, ba ta ɗaga murya ba, cewa kawai ta yi, yaro ai ba a sake ɗaurin aure don hoto.

Dabararsu ita ce su sauya 'yar ƙwaƙwalwar da ke ciki ta riƙa yi wa kwamfuta ƙarya, ainihin wurin giga 32 ne ko 64, in ya cika sauran bayanan sai su bi iska ko su hau kan na baya, kuma ba wani saƙo da zai fito maka. Don haka ganin girma a kwamfutar mai shago ba hujja ba ce ko kaɗan. Ka sauke manhajar gwaji mai suna H2testw, kyauta ne, zai cika abin taf sannan ya karanta ya faɗa maka gaskiyar girmansa, yana ɗaukar awanni amma gara haka, in kana sauri akwai ValiDrive. Ka yi sharaɗi da mai shago tun kafin ka biya, a rubuta a rasit cewa in ya faɗi gwaji za ka dawo da shi, wanda ya fara kame-kame ka san inda aka dosa. Amma fa tera ɗaya ta nuna maka 931GB ba cuta ba ce, bambancin lissafi ne, kar ka je ka tayar wa bawan Allah hankali a banza.

Sai 'yan gwanjon da ake wankewa a sa a sabuwar leda. Manhajar CrystalDiskInfo na nuna awa nawa abu ya yi yana aiki, sabo bai kamata ya wuce 'yan awanni ba, sai dai ita ma wannan lambar ana goge ta, a farkon 2025 an bankaɗo had-disk ɗin Seagate da suka yi dubban awanni wasu 'yan kasuwa suka mayar da agogonsu sifili suka sayar a matsayin sabbi, har a Jamus. In a can an yi, ina ga nan. Na Samsung kuma ka sa shi a Samsung Magician, manhajar kamfanin, in bai gane shi ba ka mayar. Ka lura da rubutu ma, na taɓa ganin kwali da lambar samfurin da kamfanin bai taɓa fitarwa ba, ka duba shafinsu a wayarka kana tsaye a shagon.

Ni dai yanzu NVMe mai tera ɗaya ne a cikin laftop, wani SSD ɗin a jaka, had-disk mai tera huɗu a gida cikin kabad, kuma ba na goge katin kyamara sai na buɗe bidiyon a wuri biyu na ja shi har ƙarshe na ga amarya ta shiga mota.