Windows Defender Firewall: tana tsaro da kyau, amma ba ta faɗin abin da ta tare

Duk mai Windows 10 ko 11 yana da wannan katangar tsaro a kwamfutarsa, kyauta, ko da bai taɓa buɗe ta ba. Tun 2004, da fitowar Service Pack 2 na Windows XP, take zuwa a kunne. Saitinta na asali mai sauƙi ne: duk abin da ya ƙwanƙwaso daga waje a tare shi, sai in wata doka ta ba shi izini, abin da zai fita kuwa a bar shi ya fita. Ga mai rauta a gida ko ƙaramar MiFi, wannan ya wadatar, kuma ba ta sa kwamfuta nauyi.

Rigimar tana farawa ne ranar da mutum ya buɗe wf.msc, wato tagar saitin dokokin katangar, ya ce zai toshe fita. Sai ya buga umarnin ipconfig a Command Prompt, ya ga adireshin ƙofar fita, wato adireshin rautar, 192.168.8.1 a yawancin MiFi na Huawei, ko 192.168.0.1 a rautocin TP-Link da dama. Sai ya rubuta doka cewa kwamfuta ta yi magana da wannan adireshin kaɗai, tunda ai ta nan intanet take bi. Ko shafi ɗaya ba zai buɗu ba, ban da shafin saitin rautar. Ƙunshin bayanan da burauza ta aika yana ɗauke da adireshin sabar da za shi ne, rauta miƙawa kawai take yi. Katangar tana karanta abin da aka rubuta a bayan ambulan, ba ruwanta da direban da aka danƙa wa wasiƙar a tasha.

Haka kuma toshe adireshin rauta ba ya yanke intanet. Abin da yake yankewa shi ne DNS, domin yawancin rautocin gida su ke fassara wa kwamfuta sunayen shafuka. Alamar a fili take: umarnin ping 8.8.8.8, mai gwada ko adireshi yana amsawa, yana samun amsa, google.com kuma ya ƙi buɗuwa.

Mai son toshe fita sai ya bar lambobin mashiga (port) na UDP 67 da 68 don karɓar adireshi daga rauta, wato DHCP, da 53 ta UDP da TCP don DNS, sannan TCP 80 da 443 ga burauza zuwa kowane adireshi. DHCP da DNS suna cikin rukunin dokokin Core Networking tun asali, kada a goge su. Idan ipconfig ya nuna adireshi mai farawa da 169.254, kwamfutar ba ta samu komai daga rauta ba ke nan.

A lura, ba a bin dokokinta daga sama zuwa ƙasa kamar na rautocin MikroTik. Dokar toshewa ce ke rinjayar ta izini. Wanda ya rubuta dokar toshe komai sannan ya ƙara ta izini ga Chrome, aikin banza ya yi. Daidai shi ne a canja matsayin fita na asali zuwa Block, sannan a jero izini.

Babban aibinta shiru. Idan ta hana wata manhaja fita, ba ta sanar da kowa. Rajistarta, pfirewall.log, a kashe take zuwa, sai an kunna da hannu, girmanta na asali 4096 KB, kuma adireshi da lambobin mashiga take nunawa, babu sunan manhaja. Ga mai koyo wannan wahala ce da bai kamata Microsoft ta bari har yau ba.

Sai batun shigowa daga waje, misali duba kwamfutar shago daga gida. Doka a Windows ita kaɗai ba ta isa ba, dole a saita rauta ma ta tura lambar mashigar zuwa kwamfutar (port forwarding). In kuwa adireshin waje na rautar ya faɗa tsakanin 100.64 da 100.127, kamfanin layi ya haɗa ku da yawa a adireshi guda ne, babu saitin da zai buɗe wannan hanya sai ta VPN ko adireshi na musamman daga kamfanin.

Kafin a taɓa komai, a buɗe Command Prompt da ikon admin a adana dokokin da netsh advfirewall export tare da sunan fayil. In abu ya cakuɗe, netsh advfirewall reset zai mayar da ita yadda ta zo, amma zai share duk dokokin da aka ƙara.