Sharhi kan ƙunshin kalandar Hijira na Java: kaya mai kyau, amma layi ɗaya ya ɓata min rai

Masu haɗa manhaja da Java a nan gida kusan duk kun san ƙunshin nan na kayan Swing, wato kayan zana fuskar manhaja a yaren Java, da ake ta tallatawa, mai ɗauke da kalandar Miladiyya da ta Hijira, da akwatin rubuta kuɗi, da maɓallin buga rasit. Ba sai na faɗi farashi ba, kun san shi, kun kuma san abin da mutum ke sha kafin ya biya dala da katin naira. Ni kalandar Hijirar kaɗai ta sa na saya. Ina haɗa wa wata makarantar Islamiyya manhajar rajistar ɗalibai da kuɗin wata, su kuwa malaman da watan Musulunci suke lissafinsu, ba ruwansu da Janairu.

Fayil ɗin JAR, wato ƙunshin da ake tattara kayan Java a ciki, ya iso lafiya. Na buɗe NetBeans, manhajar da nake rubuta Java a cikinta, na shiga Tools, na bi Palette zuwa Swing/AWT Components, na danna Add from JAR don kayan su hau akwatin da ake jawo su da linzami a ajiye kan fom. Jerin ya fito da abu uku: kalandar Miladiyya, akwatin kuɗi, maɓallin rasit. Abin da na biya kuɗi dominsa babu shi babu alamarsa.

Na rubuta wa masu sayarwar. Amsar farko, wai in sake sauke fayil ɗin. Ta biyu, wai wataƙila NetBeans ɗina ne ya tsufa. Ta uku ba ta zo ba. A nan ne raina ya fara ɓaci, don wanda ke amsa min da gani bai taɓa buɗe kayan da yake sayarwa ba, takarda kawai aka ba shi yana kwafowa.

Sai na kwance ƙunshin da kaina, tunda JAR ba komai ba ne illa ZIP da aka sauya wa suna. Kilas ɗin kalandar Hijira, wato fayil ɗin da ke ɗauke da umarninta, na nan daram a ciki. Ashe matsalar tana META-INF/MANIFEST.MF, ɗan fayil ɗin da ke gabatar da abin da ke cikin ƙunshi. Tun zamanin da kamfanin Sun ya fito da ƙa'idar JavaBeans a 1996, hanyar da mai kaya ke nuna cewa wannan kilas ɗin kayan haɗi ne da za a iya sake amfani da shi ita ce ya ba shi sashe nasa a wannan fayil. Ga yadda na kalandar Miladiyya yake, na dai sauya sunan kamfanin:

Name: com/kamfani/swing/DatePicker.class
Java-Bean: True

Layi biyu ke nan, sai layin da babu komai ya raba shi da sashe na gaba. Sunan da karkatacciyar sanda ake rubuta shi, ba da ɗigo ba, kuma dole ya ƙare da .class, don hanyar fayil ce a cikin ƙunshin. Da na gangara sashen kalandar Hijira, ga layin Name, ga layin SHA-256-Digest da sa hannu na dijital ke ƙarawa, amma layin Java-Bean ya yi ɓatan dabo.

Abin ya ɗaure min kai. Ta yaya mutum zai yi wa uku alama ya manta da wanda ya fi tallatawa? Allah ya taimake ni ƙunshin ya zo da ainihin rubutun manhajar a wani ZIP daban, har da manifest.txt ɗin da suka haɗa JAR ɗin da shi. Na buɗe. Ba su manta ba, sun rubuta. Kalandar Hijira ce ta ƙarshe a jerin, kuma da na kai ƙarshen fayil ɗin sai ɗan sandan rubutu ya tsaya cak a bayan kalmar True, bai sauka sabon layi ba. Wanda ya rubuta bai danna Enter ba. Shi kuwa umarnin jar da ake haɗa ƙunshin da shi, in layin ƙarshe bai rufe da sabon layi ba, watsar da shi yake yi shiru, ko tari ba zai yi maka ba. Wannan gargaɗi yana rubuce ƙarara a darussan Java na hukuma, duk wanda ya taɓa fama da Main-Class, layin da ke nuna kilas ɗin da manhaja za ta fara da shi, ya san shi. A ce kamfani mai karɓar dala bai gwada kayansa ko sau ɗaya a kan akwatin da aka yi su dominsa ba!

Na ce to ai da sauƙi, umarnin jar ufm, mai sabunta MANIFEST.MF, zai cusa layin cikin minti ɗaya. Na cusa, kalandar ta bayyana a jeri, har na fara murmushi. Ina kunna manhajar sai SecurityException, wato Java ta ƙi aiki saboda matsalar tsaro. Sun sa wa ƙunshin hannu na dijital, kuma fayil ɗin .SF da ke cikin META-INF yana riƙe da lissafin kowane sashe na MANIFEST.MF, saboda haka ka taɓa harafi ɗaya a sashen kilas, sa hannunsa ya rushe. Ana iya goge fayilolin sa hannun gaba ɗaya, amma lasisinsu ya hana taɓa ƙunshin, ni kuma ba zan kai wa makaranta abin da gobe za a ce na yi masa kutse ba. Sun kulle ƙofa da kwaɗo, sun bar makullin a ciki.

NetBeans ne ya fitar da ni kunya. A wannan shafin na zaɓen kaya akwai maɓalli biyu, Show Marked JavaBeans da Show All JavaBeans. Na farkon MANIFEST.MF yake bi, na biyun kuwa duk kilas ɗin da ya yi kama da kayan haɗi yake kwasowa. Na koma kan JAR na asali na danna na biyu, sai ga tarkace sun cika jerin, ƙananan kilas na cikin gida da ba a yi su don a jawo kan fom ba. A tsakiyarsu na tsamo kalandar tawa.

Gaskiya kuma, da ta hau fom sai na huce. Kyakkyawa ce. Sunayen watanni suna fitowa da Larabci ko da boko, Muharram zuwa Zulhajji, rubutun dama zuwa hagu bai karkace ba. Abin da ya fi burge ni, akwai wurin ƙara kwana ɗaya ko rage shi. Kun san lissafin Hijira da ke cikin Java tun fitowar Java 8 a 2014 na Ummul Ƙura ne, na Saudiyya, mu kuwa sanarwar Sarkin Musulmi muke jira, kuma ba kullum suke dacewa ba. Shugaban makarantar da ya ga zai iya daidaita ranar da kansa cewa ya yi, "Malam, wannan kaɗai ya biya." A ranar da an tambaye ni, tauraro biyar zan ba su.

Sai da na zo haɗa manhajar don kai musu haushin ya dawo. Ƙa'idar JavaBeans ta tanadi Design-Time-Only: True don a ware fayilolin da ake buƙata lokacin zane kawai, irin su BeanInfo mai bayanin kayan da ƙananan hotunan akwatin kaya, ta kuma tanadi Depends-On don a san me ya dogara da me. Masu ƙunshin ko ɗaya ba su sa ba. Kalandar ta dogara da wani fayil na sunayen watanni, babu inda aka faɗa, sai ka bi rubutun manhajar layi-layi ka gano. Kuma har yau da nake wannan rubutu ba su gyara layin nan ba, duk da na aika musu hoton wurin da sunan fayil ɗin. Danna Enter ɗaya, a sake haɗawa, a sake sa hannu, shi ke nan aikin.

Tauraro uku na ba su, biyu daga ciki na wanda ya rubuta kalandar ne, ko wane ne shi. In za ka saya, ka saya, ba ka da wata mai daidaita kwana kamarta a wannan kuɗin. Amma kada ka ɓata lokacinka da masu amsa saƙonsu. Ka tafi kai tsaye Show All JavaBeans, ka nemi HijriPicker, can wajen tsakiyar jerin take.