Cin abinci a Disney World da yarinya mai cutar siliyak: abin da muka tarar

'Yata tana da cutar siliyak. Duk abin da aka yi da alkama, ko sha'ir, ko hatsin nan da ake kira rai, ba ya shiga bakinta, saboda sinadarin gulutin da ke cikinsu. Ni kuma madara ce ba ta zama a cikina. Da wannan lalura muka je hutu Walt Disney World da ke kusa da Orlando a jihar Florida ta Amurka, kuma maganata a nan kan abincinsu ce kawai. Lilo da jiragen wasa da wasan wuta na dare, wasu sun fi ni iya ba da labarinsu.

Lalurata da tata ba ɗaya ba ce, kuma wannan bambancin shi ya tsara mana yadda muke yin oda. Tawa mai sauƙi ce: hanjina ba ya samar da isasshen sinadarin laktes da ke narkar da sukarin madara, kamar dai kusan kashi biyu cikin uku na manyan mutanen duniya. In na sha, cikina ya kumbura, ya yi ta murɗa, in wuni ina neman banɗaki, washegari ya wuce. Ita kuwa garkuwar jikinta ce ke far wa bangon ƙaramin hanjinta da zarar gulutin ya shiga, kuma ɓarnar tana faruwa ko da ba ta ji ciwo a ranar ba. Kusan mutum 1 cikin 100 ne ke da wannan cuta a duniya. Don ku gane ƙanƙantar abin da ke iya cutar da ita, a Amurka ba a yarda a rubuta wa abincin leda cewa babu gulutin a cikinsa ba sai in abin da ke ciki bai kai kashi 20 cikin miliyan ba. Ɓurɓushin burodi a kan wuƙa ya isa.

Aikin yana farawa tun daga gida. Gidajen abincinsu da ake zama a kawo wa mutum, ana kama gurbi a cikinsu tun saura kwana 60, ta manhajar My Disney Experience, kuma lokacin da muka je, a wurin kama gurbin akwai inda mutum zai nuna abin da ba ya ci. Suna da takardar jerin abinci ta musamman da ke nuna wanne ne babu alkama, wanne babu madara, ƙwai, kifi, dangin jatan lande da ƙaguwa, gyaɗa, 'ya'yan itace masu ɓawo irin su kashu, waken suya, da riɗi. Waɗannan tara su ne dokar Amurka ta ware: takwas tun dokar 2004, riɗi kuma ya shiga daga farkon 2023. Wanda abubuwan da ba ya ci suka kai huɗu ko fiye, suna so ya tuntuɓi sashensu na abinci na musamman kafin ya iso.

Takarda dai takarda ce. Abin da ya kwantar mini da hankali shi ne mutumin da ya fito daga kicin.

Wata safiya muka je karin kumallo a wani gidan abinci na bufe, irin wanda ake jera abinci kowa ya ɗiba da hannunsa. Bufe shi ne wurin da na fi tsoro a duniya, domin cokalin da aka ɗebi taliya da shi, minti biyar ya ishe shi ya koma cikin shinkafa. Muna zama mai hidimar teburinmu ta duba na'urarta ta ce ta ga bayaninmu, kada mu taɓa komai tukuna, kuku yana zuwa. Ya zo da farar rigarsa da ɗan littafi a aljihu. Bai fara da ni ba. Ya rage tsawo daidai fuskar yarinyar ya tambaye ta me take sha'awar ci. Ta dube ni, don ta saba ni nake amsa mata irin wannan tambayar, amsar kuma kullum jerin abubuwan da aka hana ne. Na ce, "Faɗa masa mana." A hankali ta ce wafil take so, wato ƙullun da ake gasawa a tsakanin ƙarfe biyu, irin mai siffar kan Mickey Mouse da ta ga yaran teburin kusa suna ci. Ya ce akwai nata, da garin da babu gulutin, kuma ƙarfen gashinsa daban yake, ba a taɓa zuba ƙullun alkama a cikinsa.

Daga nan ya zagaya da ni gaban bufen, faranti bayan faranti. Wannan lafiya lau. Wannan an kaɗa miyarsa da fulawa. Wannan a asali babu komai, amma ga shi dab da kwandon burodi, don haka kada a ɗiba a nan, zai zubo mata sabo daga ciki. Muka iso kan wata gasasshiyar kaza da na tabbata a raina ba ta da matsala, sai ya girgiza kai ya ce ban da ita, an jiƙa ta da miyar waken suya ta kwalba, wadda yawanci da alkama ake haɗa ta. Wannan "a'a" ɗin ta fi mini duk "e" ɗin da ya faɗa daraja. Mutumin da ya san abin da ke cikin ruwan da aka jiƙa kaza, kuma bai ji nauyin hana mu ba, shi ne wanda zan yarda da shi in ya ce ga wanda za a ci.

Da farantin ya iso, da ɗan tsinke a soke a jikin wafil ɗin mai alamar cewa odar masu lalura ce. Ta yanki kunne ɗaya, ta tsoma a zuma, ta ci, sannan ta ce, "Mama, irin nasu ne." Ba ta ƙara magana ba sai da ta share farantin. Yarinyar da ta saba zuwa bikin ƙawaye da abincinta a roba, ku ƙiyasta abin da wannan yake nufi a wurinta, da wurina.

Wuraren da ake bin layi a karɓa a kanta, tsarinsu ya ɗan bambanta. Ana iya yin oda ta manhaja, kuma akwai sashen masu lalura a ciki. Ni dai na fi son in tsaya gaban mutum in yi magana, in ya so a kira mini wanda aka horar kan wannan aiki, ya zo da littafin da ke ɗauke da kayan haɗin kowane abinci. Odar takan fito a tire daban, ba a haɗa ta da ta sauran iyali, kuma takan fi ta kowa daɗewa, tunda sai an sauya safar hannu an share wuri an ɗauko kayan aiki masu tsabta. Jinkirin alama ce mai kyau, ban taɓa jin haushinsa ba. Sai dai yaro mai yunwa a zafin Florida bai san wannan ba, shi ya sa muka riƙa cin na rana da wuri, wajen ƙarfe 11, kafin cunkoso ya sauko kuma kafin yunwa ta kai ta ga kuka. A Animal Kingdom, ɗaya daga cikin filayen wasa huɗu na wurin, gidan abincin Satu'li Canteen ya fi mana sauƙi, domin abincin kwano ne da mutum ke zaɓar abin da za a haɗa masa, kuma da yawa daga cikin kayan haɗin tun asali ba su da alaƙa da alkama.

Tambaya ɗaya da ban taɓa bari ba ita ce ta soyayyen dankali. Dankali ba shi da gulutin, amma in a man da aka soya kaza mai rufin fulawa aka soya shi, ya tashi daga abincinta. Wasu wuraren suna da abin suya na daban, wasu sukan gasa mata nata a tanda. Kowane wuri da yadda yake yi, don haka amsar jiya ba ta wadatar da yau.

Ta ɓangarena, abin da na lura shi ne in na ce madara kawai, kicin yakan ɗauke ni a matsayin mai borin jini, wanda ɗigo ɗaya zai iya kai shi asibiti, sai a cire komai har da man shanu da busasshen cuku. Alhali waɗannan biyun sukarin madarar da ke cikinsu kaɗan ne, cikina yana ɗaukarsu. Sai na riƙa yi wa kuku bayani dalla-dalla: ga abin da ke damuna, ga wanda ba ya damuna, yarinyar ce ba a yi mata sassauci ko kaɗan. Ina ganin haƙƙi ne a kan irinmu mu faɗi gaskiyar matsayin lalurarmu. In mai kumburin ciki ya ce mutuwa zai yi, daga baya aka gan shi yana lasar askirim, ya rage wa maganar mai lalurar gaske nauyi a kunnen ma'aikata. Ƙwayar laktes tana jakata kullum saboda inda madara ke ɓuya, kamar dakakken dankali da miya mai kauri. Abin sanyin da na fi jin daɗi kuwa shi ne Dole Whip na abarba da ake sayarwa a rumfar Aloha Isle cikin filin Magic Kingdom. Laushinsa na askirim ne amma babu madara a ciki. In za a murɗa shi tare da na banila, to a tambaya tukuna, don wannan zance ne daban.

Filin EPCOT ya fi buƙatar buɗe ido. Yankin ƙasashe 11 da ke kewaye da tafkin yana cike da abinci, lokacin bukukuwan abinci kuma ana kafa ƙananan rumfuna ko'ina. Rumfa ƙarama ce, wurin aikinta taƙi kaɗan, ba za a sa ran ta ware kasko da katakon yanka don mutum ɗaya ba. A can ni da maigidana muka ɗanɗana, ita kuma muka kai ta inda ake da cikakken kicin. Haka nan ba duk gidan abincin da ke cikin harabar ba ne Disney ke gudanarwa da kanta. Wasu a EPCOT da yawancin na Disney Springs, wato unguwar shagunansu, na wasu kamfanoni ne masu nasu tsarin, saboda haka tambaya sabuwa ake yi daga farko. A Disney Springs ɗin ne muka sami Erin McKenna's Bakery, ɗan shagon gashi da duk kayansa babu gulutin, babu madara, babu ƙwai. Wuri ɗaya ke nan a duk tafiyar da ni da ita muka tsaya gaban gilashi muka nuna abin da ido ya so ba tare da tambayar kowa ba. Donot muka saya, muka ƙara da na guzuri.

Ban san darajar duk wannan sosai ba sai daren da muka ci abinci a waje, a wani gidan abinci na bakin titi da ba shi da alaƙa da wurin. Na yi bayani kamar kullum, mai hidimar ya ce babu damuwa. Salak ɗin ya iso, na juya ganyen da cokali mai yatsu, sai ga ɓurɓushin soyayyen burodi a ƙasa. An tsince manyan ne kawai aka kawo. Ban ce mugunta ya yi ba, a tunaninsa ya taimaka. Yarinyar ta ci ayaba da biskit ɗin shinkafa a mota.

Akwai abin da dole mutum ya sani kafin ya saki jiki. Disney da kanta ta rubuta cewa ba ta ba da tabbacin abinci zai kuɓuta ɗari bisa ɗari daga gauraya, tunda kicin ɗaya ake amfani da shi kuma kayan daga wasu masana'antu suke zuwa. Na fi son a gaya mini haka da a yi mini alƙawarin da ba mai iya cikawa. Mai borin jini mai tsanani kada ya rabu da allurarsa ta efinefrin, kuma ya san inda ɗakin taimakon gaggawa yake, akwai shi a kowanne daga cikin filayen huɗu, da ma'aikatan jinya a ciki. Sannan kulawar da ta fi kyau, wato kuku ya zo har tebur, tana gidajen abinci na zama ne, su ne kuma suka fi tsada, ga tukuicin mai hidima da al'adar Amurka ta sa ya kai kashi 18 zuwa 20 cikin 100. Mu sau ɗaya muke zama a yini, sauran mu bi layi ko mu buɗe jaka. Burodin da babu gulutin kuwa halinsa ɗaya ko'ina, in ya huce sai ya riƙa marmashewa a hannu, don haka shinkafa da dankali da kifi da gasasshen abu sun fi ba ta daɗi fiye da duk wani abin da aka kwaikwayi na alkama.

Jakar da na ambata halal ce a wurin: suna barin mutum ya shiga da abincinsa, muddin ba a kwalba yake ba kuma ba ya buƙatar ɗumamawa. Ƙanƙara a warwatse ba a shiga da ita, sai dai fakitin sanyi irin wanda ake daskarewa a firiza, ko robar ruwa da aka daskarar tun dare, wadda ke riƙe abincin da sanyi da safe, da la'asar kuma ta narke a sha. A tamu akwai dafaffen ƙwai, inabi, biskit ɗin shinkafa da gyaɗa. Ruwan sanyi a kofi kuwa kyauta ake bayarwa a wuraren bin layi in mutum ya nema.