Maganin kemo mai ƙwayoyin nano da aka yi wa Hajiyarmu: abin da na gani da idona

Jama'a tun da na ce zan faɗi yadda muka kwashe da maganin nan mutane ke ta tambayata, to ga shi. Hajiyarmu kansar ƙwan mahaifa gare ta, an yi aiki an yi kemo, wato maganin da ke kashe ƙwayoyin cutar kansa, karon farko, bayan wasu watanni abin ya dawo, shi ne likita ya ce a koma kan wani maganin kemo mai suna doksorubisin amma irin wanda aka naɗe cikin ƴan ƙananan ƙwayoyin kitse, wanda suke ce ma na nano. Ƙwaya ɗaya wajen nanomita 100 ce, kusan sau dubu silin gashin kai ya fi ta kauri. Ba sabon abu ba ne fa, tun 1995 Amurka ta amince da irinshi da sunan Doxil, mu dai na wani kamfanin Indiya muka samu.

Yadda likitan ya yi mana bayani, jijiyoyin jinin da ke ciyar da ƙarin kansar suna da ƴan ɓuloli, to ƙwayoyin sai su daɗe suna yawo cikin jini har su sulale ta nan su taru cikin ƙarin, zuciya kuma ba ta shan wahala kamar da doksorubisin na asali. Duk da haka sai da aka yi mata hoton zuciya kafin a fara, kuma ana maimaitawa.

Gaskiya ta wajen gashi da amai mun ga bambanci sosai. Wancan karon kanta tas ya zube, wannan kuwa har kitso ƙanwata ke yi mata. Sau ɗaya ake sawa duk sati 4 ta ƙarin ruwa, ja ne kamar zoɓo, fitsari ma sai da ya canza kala ranar farko, da ba a gaya mana ba da mun tashi hankalinmu a banza.

Amma tafin hannu da tafin ƙafa, wayyo Allah. Bayan zagaye na 3 suka yi jajur suna zafi suna saɓulewa, ga zafin Katsina na watan Afirilu, takalmi ma ba ya sawuwa. Matar da ba ta iya zama sai ta taɓa wanki ko ta leƙa murhu, dole muka hana ta komi, alwala da ruwan randa, ƙafa cikin roba da ruwan sanyi tana jan carbi. Baki ma ya yi gyambo, kunu da fura kawai ke wucewa. Sai da likita ya ɗaga zagaye na gaba ya rage yawan maganin sannan ta samu sauƙi.

Ga tsada, ga shi sai a firij tsakanin digiri 2 zuwa 8 kuma kada ya daskare, mu a kula da ƙanƙara muka ɗauko shi daga Kano, gabana na faɗuwa duk hanya.

Sai maganar haske da wasu ke turo mani a WhatsApp, wai nano da fitilar leza na ƙone ƙarin kansar ba sai an sha wuya ba. Na kai ma likita, ya ce binciken gaskiya ne, ana ɗura maganin kemo cikin ƙwayoyin da ke ɗaukar zafi idan aka haska su, irin na zinari, zafin ya kashe ƙarin kuma ya saki maganin a wurin. Amma mafi yawa a kan ɓeraye ake gwadawa har yanzu, kuma hasken ba ya ratsa jiki da nisa, ƙarin Hajiya kuwa can cikin ciki yake. Don Allah duk wanda ya ce maku yana da wannan na'ura a shagonshi kada ku ba shi ko sisi.

Wannan na ƙarin ruwan dai in likitanku ya rubuta kuma da hali, ni zan ce a karɓa, sai dai a tanadi takalmi mai laushi da man shafawa tun kafin a fara. Zagaye 2 suka rage mana, ku sa ta a addu'a.